Filin Tambayoyinku: Hauren giwa ne, ƙashin raƙumi ne, ko roba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da na yi maganar tsofaffin agogunan bango a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma da yawansu akan abu ɗaya ne, wato 'yan mutum-mutumin nan masu ruwan madara da ake cewa na hauren giwa ne daga China ko Japan ko Indiya, abinda Larabawan nan Saudiyya ke kira aaj, mutanen Sudan kuma su ce sinnil fil. Na ɗauko huɗu daga ciki, ta farkon zata ci mana wuri sosai don amsarta ta shafi kowa.

TAMBAYA: Salam Baba, dan Allah a taimaka min. Ni a Jidda nake, shekara 19 ina aiki a gidan wasu mutane, to bara da tsohuwar gidan ta rasu 'ya'yanta suka tashi daga babban gidan suka koma shigga, wato fulat a gidan bene, sai babbar 'yar ta bani kwali guda na tarkace tace in ɗauka kyauta. A ciki na samu wata 'yar tsana, mace ce mai doguwar riga tana riƙe da fure, tsawonta ya ɗan wuce taƙi ɗaya, ta karkace gefe guda, launinta kamar man shanu, tana tsaye kan baƙin katako, a ƙarƙashinta akwai jan rubutun China. Wani a harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, ya taya riyal 300 nan take, saurin tayin nasa ne ma yasa na fasa. Ɗan maƙwabciyata yace in gasa allura in soka mata, in bata shiga ba to haure ne. In soka? (Wata 'yar'uwa daga Jidda)

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan tsohuwa ya sa ta huta. Kar ki soka, dan Allah kar ki soka. Wannan gwajin allurar ya ɓata kaya da yawa a garin nan. Na gani da idona a haraj, wani yaro ɗan dillali ya ɗauko wani ɗan akwatin hoda mai ruwan haure, ya kunna laita ya gasa allura har tayi ja ya ɗora a murfin, kafin kace kwabo abin ya kama da wuta fuu, warin kafur ya cika wajen, ya yar da shi yana yarfe hannu, babban yatsansa ya tashi yayi bororo. Ashe seluloyid ne, wata tsohuwar roba da Turawa suka fara yi tun wajen 1870 musamman don ta tsaya a madadin haure, kuma ita da wuta sai a hankali. In kuma taki ta gasken ce, allurar zata bar mata baƙin ɗigo da baya fita har abada, kin rage mata daraja da hannunki kenan. Bayan haka ma allura bata raba gardama, don ƙashin saniya da na raƙumi da haƙorin dorina duk bata shigarsu, kinga abu ɗaya tak zata gaya miki, roba ce ko ba roba ba, wannan kuwa idonki ma zai gaya miki ba sai an kunna wuta ba.

Ga abinda zaki yi. Ki samu ɗan madubin nan na masu zinare mai ƙara girman abu sau 10, in kina da wanda kuka saba a kasuwar zinare ya ara miki, in babu to kyamarar waya mai kyau ma tana ɗan taimakawa. Da safe ki zauna bakin taga inda haske ke shigowa ta gefe. In 'yar tsanar tana cirowa daga kan katakon cikin sauƙi ki ciro ta, in an manne ta da gam ki ƙyale ta kar ki ɓanɓare, sai ki duba tsakar kanta. Abinda kike nema shine wurin da aka yanke hauren a gicciye, kamar yadda ake datsa rake. A wurin, in hauren giwa ne, zaki ga wasu siraran layuka masu lanƙwasa suna gitta juna, waɗansu sun taho ta dama waɗansu ta hagu, suna fitar da 'yan ƙananan gidaje kamar idon raga ko saƙar tabarmar kaba. A cikin naman hauren suke, farce baya jinsu, in kika juya shi a hankali sai su ɓace su sake fitowa. Masana suna ce musu layukan Schreger, sunan wani likita ne Bajamushe da ya bayyana su a 1800, kuma banda giwa da danginta babu dabbar da haƙorinta ke da wannan saƙar. Duk wanda ya ganta sau ɗaya da kyau wallahi ba'a ƙara ruɗarsa da ƙashi.

Da ita ma ake raba giwar yanzu da mamot, wato tsohuwar giwar nan mai gashi da ta ƙare tun dubban shekaru, wadda ake tono haurenta daga daskararriyar ƙasar Sibiriya. In layukan da ke kusa da gefe sun haɗu a buɗe, sama da digiri 115, giwa ce, in sun haɗu a tsuke ƙasa da digiri 90, mamot ne, abinda ya faɗo a tsakani kuma sai masana. Na kawo wannan ne don tun da aka matsa wa cinikin hauren giwa masassaƙan China da Hong Kong da yawa suka koma kan mamot, sai ki ga hauren ya shekara dubbai amma sassaƙar ta shekaranjiya ce.

Ƙashi shi baya ɓuya. Tun dabbar na da rai jini ke bi ta cikinsa, don haka cike yake da 'yan ƙofofi, da ya daɗe datti sai ya shige su, a madubi zaki ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo da gajerun zane kamar an barbaɗa garin masoro a kan tuwon shinkafa. Kuma ƙashi kogo ne a ciki, baya bada babban dunƙule, shi yasa mutum-mutumin ƙashi mai girma zaki same shi gunduwa-gunduwa an haɗa da gam, ƙasansa an toshe da marfi. Yawancin abinda aka taɓa miƙo min a shagunan Balad, tsohon garin Jidda, da sunan aaj ƙashin raƙumi ne da aka goge da kyau. Ita kuwa roba zubi ake yi a mazubi, ki bi gefen jikin da farce zaki ji wani siririn layi inda mazubin ya haɗe, ki leƙa cikin ninkin rigar zaki ga 'yan ramukan kumfa zagaye-zagaye. Ki ɗora a kumatu, haure sanyi gare shi kuma yana daɗewa bai ɗau ɗumi ba, roba nan da nan take ɗumi. Nauyi kam kar ki dogara da shi, suna zuba garin dutse a robar don tayi nauyi. Seluloyid ma har layuka ake yi masa, amma a miƙe suke jere reras basa gitta juna. In kin san wani ɗan canji mai fitilar nan mai shuɗin haske ta duba kuɗi, a haska a ɗaki mai duhu, haure da ƙashi suna ɗaukar haske fari mai shuɗi-shuɗi, yawancin roba kuwa dishi-dishi take yi.

Karkacewar da kika ce tayi alama ce mai kyau, don masassaƙan China suna bin lanƙwasar hauren ne kar suyi asarar nama. Sai dai masu zubin roba ma daga jikin ta gasken suke ɗaukar mazubinsu, har karkacewar suna kwafa, kama da wane bata wane.

To a ce kin ga saƙar, haure ne. Saura tambayar da tafi wuya, yaushe aka sassaƙa ta? Anan mutane ke faɗawa, don da sun ga launin man shanu sai su ce tsohuwa ce. Launi kuwa shayi yana kawo shi, ruwan ganyen taba yana kawo shi, hayaƙi ma haka. Haure in ya tsufa da kansa baya rinuwa bai ɗaya, gefen da ke kallon haske yana zama da fari-fari, bayan da ke jingine da bango ko cikin duhu shi yafi yin rawaya, wuraren da hannu ke yawan taɓawa kuma suyi sumul suna sheƙi. Wanda aka rina kuwa ko'ina ɗaya, rinin ya taru yayi duhu a lunguna, wani sa'in in kika shafa auduga mai ɗan danshi a ɓoyayyen wuri sai ta fito da ruwan ƙasa. Tsagewar tsufa siririya ce tana bin tsawon hauren, amma har ita ana ƙirƙira da zafi da sanyi. Ki duba aikin ma, wuƙar hannu tana barin yanka mai kaifi wanda zurfinsa ke canzawa, injin lantarki irin na likitan haƙori kuma kwari yake bari mai zagayayyen gindi, faɗinsa ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Jan rubutun nan na ƙasa, ina kyautata zaton in kika sa wani ya karanta miki sunan sarki Qianlong zai fito, wanda ya mulki China daga 1736 zuwa 1795. Kar zuciyarki ta buga. Wannan hatimin an buga shi a kan kayan ƙarni na 20 ba adadi, kuma ainihin tsofaffin mutum-mutumin, irin waɗanda aka sassaƙa a garin Zhangzhou a ƙarshen daular Ming, wadda ta faɗi a 1644, mafi yawansu basu da wani hatimi sam, aikinsu ma sassauƙa ne babu yawan ado. A ƙarni na 18 da na 19 Kanton, wato Guangzhou ta yanzu, ita ta riƙa yi wa Turawa kayan fitarwa, mafitai da akwatuna da ƙwallayen nan da ake sassaƙa wata cikin wata daga dunƙule ɗaya. Daga baya masana'antun Beijin da Guangzhou da Hong Kong suka riƙa fitar da mata masu fure kamar taki da yawan gaske. Ban ganta ba, amma mace mai fure, baƙin katako, jan hatimi, daga gidan attajirin Jidda, ni a ganina tsarabar tafiya ce ta tsakanin 1950 da 1980 da wani abu, lokacin da kuɗin mai ya zo 'yan kasuwar garin nan suke zirga-zirgar Hong Kong da Bankok. Aikin hannu ne mai kyau in haure ce, amma ba daga fadar sarki ta fito ba.

Abu mafi muhimmanci Hajiya, ki koma wajen 'yar da ta baki. Ki roƙe ta ta rubuta miki a takarda cewa kyauta ta baki, da kwanan wata da sa hannunta, ko ta turo miki ta WhatsApp ki adana. Kin san yadda zaman aikin gida yake a ƙasar nan, gobe wani ɗan'uwansu ya tuna da 'yar tsanar ya tada magana, takardar nan ce mutuncinki. Ki tambaye ta kuma ko akwai rasit ko tsohon hoton falo da ta fito a cikin kabad, hoto ɗaya na 1980 yafi jan hatimin nan ƙarfin shaida nesa ba kusa ba. Maganar sayarwa kuma ki dakata, ki karanta amsar da na ba Baba na Gadarif a ƙasa.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni direba ne a Riyad, ran hutu nakan leƙa Suƙ Zal kallon gwanjo. Akwai wani ɗan ɓera da na gani ya dunƙule jikinsa, bai fi girman goro babba ba, a cikinsa akwai huda biyu da wani ɗan rubutu. Mai shi yace na Japan ne ya shekara 200, yana neman riyal 2,500, wai a Landan sai ya ninka sau goma. Ina da ɗan abinda na tara, in saya? (Wani matashi daga Riyad)

AMSA: Ɗana Allah yayi albarka, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abinda ka gani sunansa netsuke, a baki netske suke cewa. Rigar Japanawa ta gargajiya, kimono, bata da aljihu, to a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, namiji yakan rataya 'yar battar magani ko jakar taba da igiya, ya cusa igiyar ta ƙarƙashin ɗamararsa, sai wannan ɗan abin ya tokare ta sama kar ta zame. Hudar nan biyu ta igiya ce. Bayan 1868, zamanin sarki Meiji, mutane suka koma kayan Turawa masu aljihu, sana'ar ta fara mutuwa, sai masassaƙan suka koma yin manya na ajiyewa a kan tebur da ake kira okimono, manoma da masunta da masu wasa da biri, akasari don sayar wa Turai da Amurka, har zuwa 1912 da bayanta. Ɓera kuma ba baƙo bane a wannan aikin, shine na farko a dabbobi 12 na lissafin shekarunsu, kuma suna danganta shi da arziki.

Tunda abin sawa ne a jiki, ka tambayi kanka ko wannan ɓeran ya taɓa aiki. Ka sa madubi a bakin hudar. Wanda igiyar alharini ta shekara tana gogawa bakinsa yakan cinye yayi laushi ta gefen da igiyar ke ja, kuma sau da yawa huda ɗaya tafi ɗaya girma don a ɓoye ƙullin a ciki. Na jabu huda biyu daidai wa daida, bakinsu da kaifi kamar yanzu injin huji ya fita. Ka damƙe shi a tafin hannu, na gaske baya sukarka don ba'a barin tsinin da zai yagi riga, kuma hanci da kunne da gashin gadon baya sun shafe saboda taɓawa, alhali gashin da ke lungu yana nan rangaɗau. Na jabu an goga masa baƙin tawada a zanen gashin ko'ina har wurin da ya kamata ya shafe.

Rubutun sa hannu ne, kuma shine abu mafi sauƙin kwaikwayo a duk jikinsa. Akwai wani gwani na Osaka, Kaigyokusai Masatsugu, ya rayu 1813 zuwa 1892, sunansa yana kan kayan da bai taɓa gani ba bila adadin. Da yawa daga cikin tsofaffin masu kyau basu da sa hannu ma, kuma da yawansu na katako ne. A shekarun 1970 da 1980 an yi ta sassaƙa irinsu a Hong Kong don 'yan yawon buɗe ido, haure ne na gaske amma basu taɓa ganin ɗamara ba, su suka cika kasuwannin duniya. Abu mai girman goro kuma zai iya zama ba haure ba ne sam, akwai wani ƙwallon itace na Kudancin Amurka da ake kira tagwa, fari ne tauri kamar dutse, ɗan'uwan ƙodagon gorubarmu ne, wanda shi ma a da har maɓallan riga ake yi da shi ana kaiwa Turai daga Sudan da Eritiriya.

Maganar Landan kuwa, ka gaya wa mai shi ya makara. Dokar haure ta Ingila ta 2018 ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana saye da sayarwa sai 'yan abubuwa ƙalilan masu rajista ko takardar izini, ɗan ɓeran da bashi da ko rasit ba zai shiga gwanjon kirki a can ba. Kasuwar intanet ta eBay ma tun 2009 ta hana. Ka ce ya nuna maka takardar shigowarsa ƙasar nan. In ya fara rantse-rantse da labarin kakansa, kayi masa sallama, riyal 2,500 guminka ne na wata da watanni a kan titin Riyad.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne, Omdurman ta Sudan muke da zama, yaƙi ya koro mu Gadarif. Marigayi wana yana da shago a kasuwar Omdurman, na fito da wata adakarsa. A ciki akwai jerin giwaye a kan haure ɗaya, da wani tsoho ɗan China mai ƙaton goshi da sanda, da tsinkayen cin abinci, da wasu 'yan sanduna gajeru marasa rubutu, da awarwaro. Ana ce min tsohon nan kayan tarihin China ne mai tsada. Ina so in ba ɗana ya haye da su ta Sawakin zuwa Jidda ya sayar, iyali na cikin matsi. Me ka gani? (Wani dattijo daga Gadarif)

AMSA: Baba, Allah ya jiƙan yayanka, ya kawo ƙarshen wannan fitina ya maida ku gidajenku lafiya. Saƙonka ya tsaya min a rai, kuma don haka ne ba zan ɓoye maka komai ba. Tsohon mai ƙaton goshi Shoulao suke ce masa, alamar tsawon rai ce a wajen mutanen China, sau da yawa da sanda a hannu ɗaya da ɗan itacen marmari a ɗayan. Amma abokan zamansa a adakar su suka nuna min inda ya fito. Tsinkayen cin abinci da gajerun sandunan nan, waɗanda hatimi ne da ba'a riga an zana suna ba, kaya ne da masassaƙan Omdurman suka riƙa yi wa 'yan China ma'aikatan mai da na gine-gine, irin waɗanda suka gina madatsar ruwa ta Marawi. A 2005 wani mai bincike Ba'amurke, Esmond Martin, ya zaga shagunan Khartum da Omdurman ya ƙirga kayan haure sama da 11,000 a fili, kuma ya ruwaito cewa 'yan China ne manyan masu saye, hauren kuma daga Kongo da Afirka ta Tsakiya da kudancin Sudan yake zuwa. Wannan bawan Allah kashe shi aka yi a gidansa a Nairobi a 2018. Don haka zai yiwu ƙwarai tsohon nan a Omdurman aka haife shi, ko a China aka yi shi kwanan baya wani ya kawo.

Mutane suna ɗauka in sassaƙar Asiya ce to giwar ma ta Asiya ce. Ba haka bane, macen giwar Asiya bata da babban haure, mazan ma ba duka ba, shi yasa tun da can hauren Afirka ake lodawa ta Zanzibar zuwa Bombay har China, ita kanta Khartum da cinikin haure ta bunƙasa a ƙarni na 19. Kenan kallon hauren ba zai gaya maka inda aka sassaƙa shi ba. Shekaru kuwa akwai gwajin da ake yi a ɗakin bincike, saboda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama daga shekarun 1950 zuwa 1963 sun ƙara wani nau'in kabon a iska, ya shiga ciyawa ya shiga haƙoran dabbobi, to da shi ake gane ko giwar ta mutu kafin tsakiyar shekarun 1950 ko bayanta. Sai an ɗan ƙwaƙuli kayan, yana da tsada, kuma ranar mutuwar giwa yake nunawa banda ranar sassaƙa.

Yanzu ga inda nake roƙonka Baba, kar ka ba yaron nan kayan. Akwai yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, giwar Asiya tana jerin haramcin ciniki tun 1975, ta Afirka aka saka ta a 1989 haramcin ya fara aiki a Janairun 1990. Sudan tana ciki tun farkon shekarun 1980, Saudiyya ta shiga a 1996. Ko tsohon kaya ne na gaske baya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito, a nan Saudiyya kuma Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke bada lasisi ta dandalinta na Fitri, kuma talla a intanet ma ba tare da lasisi ba laifi ne, Hajiya ta Jidda ki ji wannan. A tashar jirgin ruwan Jidda kaya ta na'ura suke bi, in jamarik, wato kwastan, suka gani ƙwacewa ce da tara, kuma yaron da ya shigo neman abinci ya ƙare a tarhil, inda ake tsare waɗanda za'a kora gida. Ga wani ƙarin, tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka wawashe gidaje da shaguna har da Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, duk wani tsohon kaya da ya fito daga Sudan babu takarda da idon zargi ake kallonsa, ko da kuwa halak malak ɗinka ne. Kasuwar ma ta rufe, China ta hana cinikin cikin gida a ƙarshen 2017, Hong Kong a ƙarshen 2021, wanda zai saya a hannun ɗanka a ɓoye ɗan fasa-ƙwauri ne, zai taya masa abinda bai kai kuɗin jirgi ba. Kuma irin waɗannan mutanen da sunan tsohon kaya suke wuce da sabon haure, ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwayen dajin Afirka sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014 kawai.

Ka ɗauki hoton komai ka rubuta, ka ajiye. Ka sake bincika adakar da kyau, shagunan Omdurman irin na yayanka sukan haɗa da azurfa da kayan katakon abanus, waɗannan zaka iya sayarwa a nan Gadarif ba tare da fargaba ba.

TAMBAYA: Malam na sayi carbi guda 5 a wani shago kusa da Harami, riyal 40 kowanne, mai shagon yace aaj ne, tsaraba zan kai Kano. Ya halatta in yi tasbihi da shi, kuma kwastan zasu karɓe? (Wata Hajiya daga Makka)

AMSA: Hajiya Allah ya karɓi ibada. A riyal 40 ki kwantar da hankalinki, da wuya ƙwarai ya zama haure, ƙashin raƙumi ne ko roba. Ki duba bakin hudar ƙwaya ɗaya da doguwar nan ta sama, in kin ga baƙaƙen ɗigo ƙashi ne, in kin ga layin mazubi ya zagaye ƙwayar roba ce. Ki karɓi rasit a sa a rubuta ainihin abinda aka yi shi da shi, don kwastan ɗin gida ma yanzu sun buɗe ido, a Janairun 2024 an niƙe haure kusan tan 2.5 a Abuja a bainar jama'a. Ta fuskar fiƙihu, wanda ya karanta Risala ya san an ce an karhanta amfani da hauren giwa kuma malamai sun yi saɓani a kai, Hanafiyya suna ganin tsarkinsa, Shafi'iyya basa gani. Wannan da hukuncin ajiye mutum-mutumi a ɗaki, wanda mutum biyu suka tambaye ni a gefe, ku kai wa malaminku, ni dillalin tsofaffin kaya ne.

Wanda kuma Allah yasa ya gaji na gasken yana gidansa, kar a wanke shi da kuloros, wato bilic, ko a jiƙa shi a ruwa don yayi fari, kar a shafa masa man zaitun, burushi mai laushi ko busasshen ƙyalle ya isa. A nisanta shi da kaskon turaren wuta da bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da taga mai rana. Haure yana shan danshi yana saki kamar katako, wanda ya saba da iskar Jidda in aka kai shi Riyad ko Madina a ɗora shi gaban mukayyif, cikin 'yan makonni zaka iya ganin tsaga ta taso daga gindinsa. In tafiyar ta zama dole a naɗe shi da farin ƙyallen auduga, a sa a akwati mai marfi, in an isa a barshi a rufe kwana biyu uku kafin a fito da shi.